Mai Garkuwa, Bayanka

Saura kaɗan ban rubuta wannan labarin ba. Akwai sunan da bakina ba ya faɗa, labarin kuma ba ya tafiya sai da mai sunan. Ƙawata Fiddausi ce ta matsa mini. Ta ce in dai kunya ce, in bar sunan ya riƙa fitowa daga bakin wasu. To haka na yi. Duk inda kuka ga sunan maigidana a nan, wani ne ya faɗa, ni ɗaukowa kawai na yi.

Sunana Nusaiba. A Wagini aka haife ni, aure ya kawo ni Tsaskiya bara da kaka. Tun ina gida yayana Kamalu ya koya mini wani wasa na waya da ake yi da data, mutum huɗu su haɗu su kara da wasu huɗu. Sunansa na Turanci ne mai tsawo, mu Artabu muke ce masa. Kowa da aikinsa a ciki. Akwai mai garkuwa, ƙato ne mai nauyin tafiya, shi ke shiga gaba ya tare harbi. Akwai maharbi, yana laɓewa daga nesa. Akwai ɗan leƙe mai saurin ƙafa, shi ke zagayawa ya gano inda abokan gaba suka ɓuya. Sai mai magani. Kowane mutum yana da wani layi a saman kansa, jini muke ce masa. In ana dukansa layin ya yi ta raguwa, in ya ƙare ya faɗi. Mai magani ba ta da bindigar kirki. Abin da take da shi wani koren zare ne na haske. In ta jefa wa ɗan uwanta, zaren ya haɗa su, jininsa ya riƙa dawowa. Kowa a ƙungiya yana ganin zaren a wayarsa.

Yaya Kamalu ya ba ni wannan aikin ne don babu mai so, samari kowa harbi yake son yi. Ni kuwa ya yi mini daidai, don mai magani a baya take tsayawa, ba sai ta yi surutu ba. Yaya shi ne maharbi, shi ne kuma shugaba. Fiddausi, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, ita ce 'yar leƙe. Wani abokin Yaya mai suna Huzaifa ke riƙe garkuwa.

Da aka kawo ni Tsaskiya na zo da wayata. A gidan nan babu sabis sai a gindin rumbu, ta gefen gabas. Nan nake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, in na gama aikin gida, in sa abin sauraro a kunne. A cikin wasan 'yan ƙungiya na jin juna, Yaya kuma ba ya taɓa kashe makirufonsa. Saboda haka ban da ƙarar bindiga, ina jin gidanmu. Ina jin Mama tana daka, ina jin tana faɗa da akuyar nan mai cin wanki, ina jin rediyon Baba. In na kira Mama a waya, gaisuwa ce kawai, ya gida, ya mutanen gida, Allah ya yi albarka, shi ke nan. Amma a cikin Artabu sai in ji kamar ina zaune a tsakar gidan. Hanya kuwa ba kullum take da daɗin bi ba, ba a ɗora mace a babur a kai ta Wagini don kawai ta yi kewar gida.

Ana nan sai Huzaifa ya tafi ci-rani Kaduna, ya ce ba shi da lokacin wasa kuma. Yaya ya ce, "Ai ba mu rasa ba. Ga Sahabi nan, ya iya garkuwa."

Maigidana yake nufi. Dama shi da Yaya abokai ne tun kafin a yi maganar aurena. Shi a zaure yake zama da tasa wayar, can ma akwai sabis, ni ina gindin rumbu. Tsakaninmu bai fi a yi tari a ji ba.

Ranar farko muka shiga salon da muke kira Tsare Rijiya. Wani da'ira ne a tsakiyar fili, kamar bakin rijiya, ƙungiyar da ta fi daɗewa a tsaye cikinsa ita ta ci. Maigida ya shiga ya kafa garkuwa, aka yi masa ca da harbi. Hannuna da ya saba ya jefa masa zare ban ma yi tunani ba.

Sai na ji muryar Fiddausi. "Jama'a ku dubi ikon Allah. Amarya ta ɗaure angonta da igiya."

Yaya ya yi wani tari wanda na san dariya ce ya haɗiye.

"Ki riƙe shi da kyau, ƙawata," in ji Fiddausi. "Kar 'yan matan Safana su kwance."

Daga zaure na jiyo dariyar maigida da kunnena, ba ta waya ba. Na tsinke zaren na koma bayan Yaya, wanda ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Ba a daɗe ba garkuwa ta faɗi, aka kore mu daga rijiyar.

Tun daga ranar na kasa. A gaban yayana, kowa na kallo, in bi miji da zare duk inda ya sa ƙafa? A gidanmu ko kwanon abinci ba a miƙa wa miji da rawar jiki in manya na wurin. Sai na riƙa yi wa Fiddausi magani ko da ƙaya ce ta soke ta. Na riƙa cika wa Yaya jinin da dama a cike yake. Shi kuwa maigida, shi ma ba ya iya kiran sunana a gaban Yaya, sai dai ka ji ya yi magana kamar da iska yake.

"Jini ya yi ƙasa a nan wajen."

Ni kuwa in yi kamar ban ji ba.

"A taimaka wa bayin Allah."

Sai ya faɗi. In ya farfaɗo ya sake tafiya da nauyinsa har tsakiyar fili, a sake kayar da shi. Ƙungiyar da a da ake shakkarta ta koma abin wasan yara. Da daddare in na kai masa tuwo bai taɓa yi mini faɗa ba. Iyaka ya wanke hannu ya ce, "Yau ma an sha mutuwa." In ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya ce, "Amin."

Yaya ne ya gaji. Wata rana bayan an cinye mu ya kira ni ni kaɗai.

"Nusaiba, me Sahabi ya yi maki?"

"Ba komai, Yaya."

"To in ba komai, ki sani garkuwa ba mai magani itacen wuta ce. Ranar Juma'a za mu kara da 'yan Karare, na riga na amsa masu. Abokina Labaran ya daɗe yana roƙona in ba shi wurinki. Ban so ba. Amma in aka sake kayar da Sahabi kina tsaye kina yi wa Fiddausi fifita, wallahi Labaran zan sa daga ranar. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ban yi fushi da shi ba, gaskiya ya faɗa. Amma da na ajiye wayar na dubi tsakar gida, sai na tuna in Labaran ya karɓi zaren, ba ni da sauran dalilin zama gindin rumbu. Ba dakan Mama, ba akuya, ba rediyon Baba.

Inno ce ta same ni a haka. Kakar maigida ce, ta wajen uba, da ita kaɗai nake sakin baki a gidan. Kullum in ina wasa tana kusa tana kaɗa nono, tana leƙen wayar da ido ɗaya.

"Yau kuma wa ya mutu a cikin akwatin naki?"

Na ba ta labari duka. Ta saurara tana juya maburgi.

"Wannan koren abin, kamar ruwa ne ko kamar fura?"

"Kamar ruwa, Inno."

"To in ya dawo daga gona da ƙishirwa, yayanki na zaune, hana shi ruwa za ki yi?"

"Zan ba shi. Amma sai in sunkuyar da kai."

"To sunkuyar da kan ki jefa mashi."

"Inno, kallon waya fa nake yi."

"Wayar a sama take? Ba dama kanki a sunkuye yake ba?"

Na yi dariya ban shirya ba. Na ce to zare ke nan, magana fa? Wani lokaci mai magani ce kaɗai ke ganin abin da ke zuwa ta baya, dole ta kira mutum.

Inno ta ajiye maburgi. Ta ce lokacin tana amarya, suna ruga wajen Safana, wata rana ana shayar da shanu a rijiya. Mijinta na jan ruwa, baffanninsa duk suna tsaye. Sai ga wani bijimi ya sunkuyo kai ya nufo shi ta baya, ita kaɗai ta gani.

"Me kika yi?"

"Na ce, mai guga."

"Ya ji?"

"Mutum uku ke riƙe da guga. Duk suka waiwayo."

"Shi fa?"

"Har da shi. Riga kawai ƙahon ya yage." Ta ɗauki maburginta. "Sunansa kuwa har ya koma ga Allah bai ji shi a bakina ba. Ke naki ai da sauƙi, mutum ɗaya ke riƙe da garkuwar."

Ranar Juma'a na gama tuwon dare da wuri na rufe. Na cire waya daga sola caji ya cika. Bayan la'asar na zauna gindin rumbu, Inno ta jawo kujerarta kusa. Daga zaure ina jin hayaniya, samarin unguwa sun taru kallon wayar maigida.

Kafin a fara, ana barin ƙungiyoyin biyu su ji juna. Shugaban 'yan Karare, wani Mati, ya yi sallama ya ce, "Kamalu, an ce garkuwarku ta kara ce, ko iska ta kaɗa sai ta faɗi."

"Ku dai ku ji da gyaɗarku," in ji Yaya, don da noman gyaɗa ake tsokanar mutanen Karare.

"An kuma ce mai maganinku ba ta duba maza."

Fiddausi ta ce, "Za ta duba ka yanzu, in an kwantar da kai."

Salo uku aka shirya, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. Na farko Satar Tuta ne, kowace ƙungiya da tutarta a gida, a je a ɗauko ta abokan gaba a gudo da ita. Wannan wasan masu gudu ne, ba ruwansa da garkuwa sosai. Fiddausi ta bi ta wani kwazazzabo ta fito bayan gidansu, ta sunkuci tuta, na tare ta a hanya da zare har ta iso. Ta sake yi. Muka ci.

Na biyu Tsare Rijiya. Maigida ya shiga da'ira. Na ce bismillah a zuciyata, na sunkuyar da kai kamar yadda Inno ta ce, na jefa masa zare. Jininsa ya tsaya. Na ji ya ja numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya. Muka riƙe rijiyar har an kusa rabi. Sai Fiddausi, da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta soma guɗa ƙasa-ƙasa, irin ta kai amarya. Yatsana ya zame da kansa, zaren ya tsinke. Kafin in mayar sun yi masa rubdugu. Suka ci.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fiddausi, in kika sake buɗe baki ba a kan aiki ba, ke ma akwai mai son wurinki." Sannan ya ce, "Labaran na nan kusa da ni, Nusaiba. Yana gaishe ki."

Na ji Labaran ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Na uku shi ne Rakiyar Amalanke. Wata mota ce mai kaya, amma tafiyarta irin ta amalanken shanu ce, shi ya sa muka sa mata haka. Ba ta motsi sai da mutanenta a kusa. Mu za mu raka ta har ƙofar gari kafin lokaci ya cika, su kuma su hana. A wannan salon ba dabara. Mai garkuwa a gaban amalanke, mai magani a bayansa, zare a haɗe tun daga farko har ƙarshe.

Na jefa. Na ƙudurta ko Fiddausi za ta kawo makaɗa ba zan saki ba. Muka tafi a hankali. Yaya na saman wani gini yana ɗauke su ɗaya-ɗaya. Fiddausi na faɗin inda suke, ba ta ƙara ko kalma a kai. Harbi na sauka kan garkuwa kamar ƙanƙara a kwano, jinin maigida ya sauka, ya hau, ya sauka, ya hau. Inno ta matso har ina jin numfashinta a kafaɗata.

"Wannan ƙaton shi ne namu?"

Na ɗaga mata kai.

"Ko a nan ma tafiyar kakansa gare shi."

Mun hango ƙofar gari, lokaci ya kusa cika. 'Yan Karare uku suka taru a gaba suna ta wuta. Na ƙirga su, na ga babu ɗan leƙensu. Na juya idon wayata baya. Ga shi nan ya fito daga wani lungu, yana sanɗa, da bam a hannu. Ba ni ya nufa ba. Bayan maigida ya nufa, inda garkuwa ba ta rufe ba. Yaya na kallon gaba, Fiddausi ta yi nisa.

A ƙungiyarmu ni kaɗai na gan shi. Inno ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Mai garkuwa, bayanka!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Kajin da ke kiwo gindin rumbu suka watse. Zaure ya yi tsit. Maigida da kansa ya daskare, ƙatonsa ya tsaya cak a cikin waya, don ya ji ni ta kunne ya kuma ji ni ta katanga.

Sai wata murya ta fito daga zauren, ta dattijo, a natse. "To ka juya mana. Ba ka ji an ce bayanka ba?"

Baffa ne, mahaifinsa. Ashe tun dawowarsa daga masallaci yana zaune cikin samarin yana kallo.

Maigida ya juya da garkuwa daidai lokacin da bam ya tashi. Garkuwa ta shanye. Yaya ya sauke ɗan leƙen da harbi ɗaya. Amma da ya juya, ni na zama a fili, na gaba suka same ni. Kafin in faɗi na danna babban maganin da ake tarawa, wanda ke cika jinin mutum gaba ɗaya, na ba shi. Wayata ta yi toka-toka. Ina kwance ina kallo ya sake juyawa, ya sa kafaɗa, shi da amalanke suka shige ƙofar gari.

Zaure ya kaure da ihu. Fiddausi ta saki guɗar da ta riƙe, wannan karon ba wanda ya hana ta. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kamar in shige cikin rumbun. Inno tana ta dariya har da tari.

Mati ya ce, "Kamalu, wannan ba da ita muka yi shiri ba. A sake."

"Sai gyaɗa ta nuna," in ji Yaya. Sannan ya ce, "Labaran, ka ji da kunnenka. Ka nemi wata ƙungiyar."

Ban cire abin sauraro ba. Ta bayan muryar Yaya na ji dakan ya tsaya. Na ji takun Mama ta matso.

"Kamalu, muryar wa na ji haka a wayarka?"

"Nusaiba ce, Mama."

"Nusaiba tawa?"

"Ita fa."

Sai Mama ta ce, "Ashe suna ba ta abinci a can." Ta koma ta ci gaba da daka.

Da na kai wa maigida tuwo ban yarda mun haɗa ido ba. Ya wanke hannu ya ce, "Yau ba a mutu sosai ba." Na ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce, "An gode." Na tashi na fita da sauri kafin ya ƙara wani abu.

Washegari da safe sai ga abin da nake tsoro, gaisuwar Baffa. Na roƙi Inno ta kai masa kunu a madadina, ta ce ƙafarta na ciwo, alhali yanzu na gan ta ta dawo daga wajen shanu. Na ɗauki kwanon na tafi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ajiye, na gaishe shi da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Ya amsa, ya tambayi kwanan gida, ya sa albarka kamar kullum. Har na yunƙura zan tashi ya ce, "Mai magani."

Na koma na durƙusa.

"Gwiwar nan tawa ta dame ni. In akwai sauran koren zaren, a taimaka."

Na rufe fuska na fito da gudu, ina jin shi yana dariya shi kaɗai. Na dafa masa ruwan zafi na ba Inno ta kai, wannan karon ƙafarta ta warke. Sannan na share gindin rumbu, na ɗauko wayata na jona ta a sola, don Yaya ya ce 'yan Karare sun nemi a sake.